Daga Garki zuwa Maryland: Abba Gumel da lissafin sauro

Idan kana Tambuwal ko Kebbe, ka san yadda abin yake: damina ta yi nisa, fadama ta cika, asibiti ma ya cika da yara masu zazzaɓin cizon sauro. Abin da ƙila ba ka sani ba shi ne, akwai masu yaƙar wannan cuta da lissafi, kuma ɗaya daga cikin manyansu ɗan Arewa ne.

Bari mu ɗan koma baya. A 1911, Ronald Ross na Ingila ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe kowane sauro ba. Muddin yawansu ya sauka ƙasa da wani mizani, cutar za ta mutu da kanta. A takarda, zance ya yi daɗi. Sai aka zo gwaji a ƙasarmu. Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi aiki a ƙauyukan Garki, da ke Jihar Jigawa a yanzu: feshi a ɗakuna, rabon magani gida-gida. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, ana dainawa kuwa ta dawo. Sauron namu, ashe, ba duka ke kwana kan bangon da aka fesa ba.

Irin wannan tazara tsakanin takarda da fili ce Abba Gumel ya daɗe yana bi. Ya gama digirin lissafi a Jami'ar Bayero a 1989, ya yi digirin digirgir a Brunel ta Ingila a 1994. Ya koyar a Maleshiya, sannan Manitoba ta Kanada daga 1999, Jami'ar Jihar Arizona daga 2014, sai Maryland a 2022.

A 2020 sunansa ya ƙara fitowa, lokacin da shi da abokan aikinsa suka lissafa cewa ko takunkumi mai matsakaicin ƙarfi, in yawancin mutane sun sa, zai rage mace-macen korona. Ni kam aikinsa kan sauro ya fi shafarmu: yadda zafi da ruwan sama ke juya yaɗuwar cutar, da abin da ke faruwa idan sauro ya daina jin maganin da ke jikin gidan sauron da kake kwana ciki.