Heliks na ƙaramin layin dogo

Heliks wani gini ne da masu sha'awar haɗa ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo suke yi domin jirgi ya tashi daga hawa na ƙasa zuwa hawa na sama a cikin ɗan ƙaramin fili. Layin dogon yana zagayawa ne a da'ira, kowane zagaye yana bisa wanda ya gabace shi, kamar matakalar da ke cikin hasumiya. An fi yin sa a ƙasashen da wannan sha'awa ta yi ƙarfi, irin su Amurka, Jamus da Birtaniya, inda mutane kan shimfiɗa ƙaramin layin dogo hawa biyu ko uku a ɗaki ɗaya.

Asali

An aro dabarar ne daga layin dogo na gaske. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, layin ma ƙarfe ne, don haka jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsanani ba tare da santsi ba. Sai injiniyoyi suka riƙa tsawaita hanya ta hanyar zagaye domin hawan ya yi sauƙi. Zagayen Tehachapi da ke jihar Kalifoniya, wanda kamfanin Southern Pacific ya kammala a shekarar 1876, yana ɗaga jirgi kimanin mita 23. Layin Gotthard na ƙasar Suwizalan, da aka buɗe a 1882, yana da zagaye a cikin duwatsu. A Kanada kuma, ramuka masu zagaye da aka buɗe a mashigar Kicking Horse a 1909 sun rage tsananin hawa daga kashi 4.5 zuwa kashi 2.2 cikin 100. Bambancin shi ne, a layin gaske yawanci zagaye ɗaya ake yi, a na kwaikwayo kuwa akan jera huɗu ko fiye.

Lissafi

Abubuwa biyu ne suke tantance tsananin hawa: radiyos, wato nisan da ke tsakanin tsakiyar da'ira da layin dogo, da kuma tsayin da jirgi zai hau a zagaye ɗaya. Ana samun tsawon zagaye idan aka ninka radiyos sau 2, sannan aka ninka sau 3.14. Daga nan sai a raba tsayin da wannan tsawo.

Tsayin ba abin da magini zai rage yadda ya ga dama ba ne. A ma'aunin HO, inda ake ƙanƙanta komai sau 87, jirgi yana buƙatar kimanin santimita 7.5 a saman layi. Idan aka ƙara kaurin falanki da na layin, zagaye ɗaya yakan ci kusan santimita 10. Saboda haka radiyos ne kaɗai ya rage a hannun magini. Radiyos na santimita 76 yana ba da zagaye mai tsawon santimita 477, hawan ya zama kashi 2.1 cikin 100. Na santimita 61 yana ba da kashi 2.6, na santimita 46 kuma kashi 3.5. A ma'aunin N, inda ake ƙanƙantawa sau 160, duk waɗannan awo sukan ragu da kusan rabi.

Lanƙwasa ma tana ƙara wa inji nauyi, domin ƙafafun taragai suna gogar layi. Akwai ƙa'idar kintace da masu HO suke amfani da ita: a raba 32 da radiyos a inci, a ƙara sakamakon a kan hawan. Bisa wannan, radiyos na inci 30 mai hawan kashi 2.1 zai zamar wa inji kamar kashi 3.2, na inci 18 kuwa zai wuce kashi 5. Wannan ne ya sa injin da ke jan taragai da yawa a fili yakan kasa a cikin matsattsen heliks.

Yadda ake ginawa

Ana yanka falanki gunduwa-gunduwa a siffar baka, a haɗa su har su zama zobe. Hanyoyi biyu aka fi bi wajen tokare hawa-hawan. Ta farko ita ce jera gutattsarin katako masu tsayi ɗaya a gefuna biyu na layi. Ta biyu ita ce amfani da dogayen sandunan ƙarfe masu zare tare da noti, wanda ke ba da damar gyara tsayi daga baya. Zagaye na farko shi ya fi buƙatar kulawa, domin duk kuskuren da aka yi a cikinsa zai maimaitu har sama.

Akan shimfiɗa layi, a liƙe mahaɗansa da dalma, a ja wayar lantarki, a gwada da jirgi, kafin a ɗora zagaye na gaba. Da zarar an rufe, hannu ba ya shiga yadda ake so. A mashiga da mafita ana fara hawan a hankali, don kada taragai su rabu da juna. Idan layi biyu ne, jirgi mai hawa shi ake ba wa na waje, saboda ya fi tsawo kuma hawansa ya fi sauƙi. Ana barin tsakiyar da'irar a buɗe domin mutum ya shiga ta ƙasa ya share layi ko ya ɗauko jirgin da ya kauce.

Matsaloli

Babbar matsalar heliks ita ce cin fili. Mai radiyos na santimita 76 yana buƙatar wuri mai faɗin kusan mita 1.7 ta kowane ɓangare. Na biyu, yana ɓoye jirgi na tsawon lokaci. Idan tazarar hawa biyu santimita 40 ce, zagaye huɗu ake buƙata, wato layi kimanin mita 19, kuma jirgin HO da ke kwaikwayon gudun kilomita 50 a awa zai yi kusan minti biyu a ciki. Na uku, idan taragai marasa nauyi suna gaba, masu nauyi suna baya, jan inji yakan fizgo na gaban zuwa cikin da'ira su faɗo. Don haka akan kafa ɗan shinge a gefen falanki, a kuma daidaita nauyin taragai bisa shawarar ƙungiyar NMRA, wadda aka kafa a Amurka a 1935.

Wasu hanyoyi

Wanda ke da ɗaki mai faɗi yakan bar layin ya bi bango yana hawa kaɗan-kaɗan har ya kai hawa na biyu, jirgin yana a bayyane. Wasu kuma suna ƙera lif da ke ɗaga jirgin gaba ɗaya, sai dai tsawon lif ɗin ne ke iyakance tsawon jirgin da zai iya wucewa.