Sawakin: Nazari a Kan Tsibirin Murjani da Ƙasar da Ke Bayansa

Sawakin tsohon birni ne a gaɓar yammacin Bahar Maliya, cikin ƙasar Sudan, kimanin kilomita 50 zuwa 60 kudu da Fot Sudan, kuma ɗaruruwan shekaru shi ne babbar ƙofar da fatake da alhazan nahiyar Afirka ke bi su ƙetara zuwa Jidda. Kafin mu shiga bayaninsa, akwai kalmomi uku da ya kamata mu tsayar da ma'anarsu. Idan muka ce gadon tarihi, muna nufin abin da magabata suka bari wanda na baya ke ganin ya cancanci kiyayewa, kuma iri biyu ne: wanda ake gani a taɓa, kamar masallaci da ganuwa, da wanda ke rayuwa a hannun mutane da bakinsu, kamar sana'a da harshe da ɗariƙa. Dutsen murjani kuwa wani farin dutse ne mai ƙananan ramuka, wanda wasu halittun teku ke tarawa sannu a hankali har ya zama tsauni a ƙarƙashin ruwa. Dangin jan murjanin da mata ke ratayawa a wuya ne, amma shi gini ake yi da shi. Ƙasar baya ita ce yankin tudu da ke bayan tashar jiragen ruwa, inda ruwan sha da abinci da raƙuma da kayan fatauci ke fitowa.

Sawakin ya kasu kashi uku, kuma yawancin masu rubutu a kansa kashi na farko kaɗai suke kallo. Shi ne ɗan tsibirin nan mai kusan siffar da'ira, wanda ke zaune a ƙarshen wani siririn mashigin ruwa da ya kutso daga teku. A nan attajirai da hakimai da ofishin kwastan suke, a nan kuma masallatai biyu mafi shahara suke, na Hanafiyya da na Shafi'iyya. Kashi na biyu shi ne Gef, unguwar da ke kan tudu daura da tsibirin, inda kasuwa da masaukan ayari da gidajen talakawa suke. Sai a 1877, zamanin da Gordon ke gwamnan Sudan, aka yi gadar ƙasa da ta haɗa su. Kashi na uku shi ne ƙasar Beja, wato Hadandawa da Amarar da sauran 'yan uwansu makiyayan raƙuma, daga rijiyoyin Shata da birnin ke sha, zuwa duwatsun Sinkat da Arkawit, zuwa fadamar Tokar a kudu inda aka bunƙasa noman auduga a ƙarni na 19. Tsibirin ba ya da rijiya mai daɗi, ba ya da gona. Ruwansa da namansa da madararsa duk daga hannun Beja suke zuwa, kuma su ne jagororin ayarin da ke ratsa hamada zuwa Barbar a bakin Nilu.

Tarihin mulkin birnin ba zai riƙe mu da yawa ba. Marubutan Larabawa sun ambace shi tun ƙarni na 10, Ibn Baɗɗuɗa ya biya ta cikinsa a ƙarni na 14, kuma faɗuwar tashar Aizab da ke arewa a ƙarni na 15 ta karkato da ciniki zuwa gare shi. Bayan Turkawan Usmaniyya sun ci Masar a 1517 ya shiga hannunsu, jiragen yaƙin Fotugal sun iso bakinsa a 1541, sa'an nan a 1865 aka miƙa shi ga Khidiwi Isma'il na Masar. Buɗe mashigin Suwez a 1869 ya kawo masa arziki mafi girma da ya taɓa gani, kuma yawancin manyan gidajen da aka ɗauki hotonsu daga baya, har da katafaren masaukin fatake na Shinnawi a Gef, ginin wannan zamani ne. Daga 1883 Usman Dikna, ɗan garin kuma kwamandan Mahadi a gabas, ya tara Hadandawa ya tsare hanyoyin tudu. An gwabza a Teb da Tamai a 1884, Kitchener ya kewaye Gef da ganuwa lokacin da yake gwamna a wurin, amma birnin bai taɓa faɗawa hannun Ansaru, mabiyan Mahadi, ba. Wannan batu yana da muhimmanci ga abin da za mu faɗa nan gaba: Sawakin ya fito daga yaƙi da gine-ginensa a tsaye.

Ginin Sawakin shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Magina kan fasa dutsen murjani daga gaɓa, su sassaƙe shi tubala tun yana da taushi, su jera da kwaɓin ƙasa ko na farar ƙasar da aka samu ta hanyar ƙona murjanin kansa. Tun da dutsen ba shi da ƙarfin ɗaukar nauyi mai yawa, sai su riƙa shimfiɗa katako a kwance cikin bangon bayan kowane 'yan layuka, domin ya ɗaure ginin ya raba nauyi. Da wannan dabara suka tayar da benaye masu hawa biyu da uku. A ƙasa akwai diwani, wato zauren da maigida ke karɓar baƙi, da ɗakunan ajiyar haja. Iyali suna sama. A can ƙololuwa kuma akwai fili marar rufi inda ake kwana lokacin zafi. Abin da ya fi jan ido shi ne roshan, wato taga ta katako da ke turowa waje daga jikin bango kamar akwati, an sassaƙa mata ƙananan ƙofofi da raga. Faɗinta ya isa mutum ya zauna ko ya kishingiɗa a ciki, iskar teku na ratsowa, ana ajiye tulun ruwa a wurin ya yi sanyi, matan gida kuma suna ganin titi ba tare da mai wucewa ya gan su ba. Katakon, galibi daga ƙasashen Indiya da gabashinta jiragen ruwa ke kawo shi. Wanda ya san tsohuwar unguwar Balad a Jidda, ko Masawa a Eritiriya, zai gane salon nan take, domin maginan gaɓoɓin biyu makaranta ɗaya suka fito.

Sai dai dutsen murjani yana da aibi guda: ramukansa suna shan raɓa da gishirin teku. Abin da ke kare shi shi ne shafen farar ƙasa a waje, wanda dole a riƙa sabunta shi. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Kano ko Zinder ya san abin da ke faruwa da soron da aka bar shi damina biyu ko uku ba yaɓe. Da shafen ya zube, gishiri zai ci kwaɓin, katakon da ke cikin bango ya ruɓe, rufi ya rufta, sauran kuma ya bi. Ke nan gidan Sawakin yana tsaye ne muddin akwai maigida mai kuɗi a cikinsa da magini a kusa da shi. Waɗannan biyun ne Turawan mulki suka kwashe. Siririn mashigin da ya kare birnin daga mahara a zamanin jiragen filafilai ya zama cikas ga manyan jiragen tururi, don haka a 1905 aka fara gina sabuwar tasha a Marsa Shaikh Bargut, aka buɗe ta a 1909 da sunan Fot Sudan. Ofisoshi suka ƙaura, bankuna da kamfanoni suka bi, attajirai suka kulle gidajensu. Lokacin da Jean-Pierre Greenlaw, malamin zane a Khartum, ya auna gidajen ya zana su a tsakiyar ƙarni na 20, da yawa suna tsaye. Kafin littafinsa ya fito a 1976 rushewa ta yi nisa. A ganinmu wannan shi ne mabuɗin fahimtar kufan: rashin gyara ne ya kayar da shi, kuma rashin gyaran ya biyo bayan sauya hanyar kuɗi.

Abu ɗaya bai ƙaura gaba ɗaya ba, shi ne aikin hajji, kuma a nan tarihin Sawakin ya haɗu da namu. Burckhardt, matafiyin nan ɗan Suwizalan da ya iso garin a 1814, ya ba da labarin alhazan Takari da ke zuwa a ƙasa daga yamma. Hausawa da Fulani da Barebari kan bi ta Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan, suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su tara guzuri, har tafiyar kan ɗauki shekaru. Bayan yaƙin Burmi a 1903 yawan masu bin hanyar gabas ya ƙaru, wasu suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wasu suka ci gaba zuwa teku. A Sawakin hukuma ta ajiye wurin killace alhazai don binciken lafiya, kuma wanda kuɗin jirginsa bai cika ba yakan zauna ya nemi aiki, wani ma zaman ya zame masa na dindindin. Zuriyar irin waɗannan mutane na cikin Hausawan gabashin Sudan na yau. Ba su bar bene ko roshan ba, shi ya sa mai lissafa gadon tarihi da duwatsu kaɗai yakan tsallake su, kamar yadda yakan tsallake zawiyoyin Majzubiyya da Khatmiyya da suka tarbiyyantar da mutanen gaɓar.

A 1991 aka buɗe tashar Usman Dikna kusa da tsohon garin, jiragen fasinja da na dabbobi suka koma zirga-zirga zuwa Jidda, Gef ya sake cika da jama'a. A 1994 Sudan ta sa Sawakin cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Hukumar TIKA ta Turkiyya ta gyara masallatan Hanafiyya da Shafi'iyya da ginin kwastan, kuma ziyarar Shugaba Erdogan a Disambar 2017 ta zo da yarjejeniyar faɗaɗa aikin, wadda ta tayar da ƙura a Masar da ƙasashen Larabawan yankin saboda zargin akwai manufar soja a bayanta. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya mayar da hankalin hukuma wani wuri. Gyaran masallatan aiki ne mai kyau, kuma masallaci yana da abin da gidan attajiri ya rasa, wato jama'ar da za ta shiga ta lura da tsagewar bango. Gidajen kuwa mallakar iyalai ne da magadansu suka warwatsu a Fot Sudan da Khartum da Jidda, kuma duk wani shirin sake gina su zai fara ne da tantance masu haƙƙi, da horar da magina 'yan gari da suka iya ƙona murjani da shafe shi, da samar wa kowane gida aikin da zai biya kuɗin gyaransa na shekara-shekara.