Fijo 404 da 504: Ƙaramar Motar da Ta Ci Tsere, Ta Kuma Ɗauki Kayanmu



Duk shekara idan bikin ƙungiyarmu ya zagayo, mukan tuna da dattawan da suka buɗe mana hanya, da iyayenmu mata da suka yi ta safarar kaya tun kuɗin mota bai kai na yau ba. Bana na ga ya dace mu tuna da wata abokiyar tafiya da ba a cika sa ta cikin lissafi ba, alhali da wuya a sami gida ɗaya a cikinmu da bai ci albarkacinta ba. Ina nufin ƙaramar motar nan ta Peugeot, wadda bakinmu ya mayar Fijo, musamman samfurin 404 da ƙanwarta 504. Yaranmu na yanzu kallon tsohuwar akwala suke yi mata. Ba su san cewa ta taɓa zama zakarar tseren motoci mafi wahala a Afirka ba, kuma abin da ya ba ta nasara a can shi ne ya sa ta zama motar ɗan kasuwa a nan.

Kafin mota, hanyar nan tamu ta jaki ce da ƙafa. Ayarin fatake kan taso daga Kano ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, su bi ta Jugu su ratso ƙasar Kotokoli, ko su bi ta Sansanin Mango, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja don sayo goro. Tafiyar watanni ce. Unguwar Didawure a Sokode da zangunan da ke kan hanyar duk wannan fatauci ne ya raya su. Da Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga Lome, a Blitta ya tsaya a farkon shekarun 1930, bai iso Sokode ba, balle Dapaong. Saboda haka arewacin Togo bai taɓa samun jirgin ƙasa ba. Duk buhun da zai haura arewa, da duk dabbar da za ta gangara kudu, sai dai mota ko ƙafa. Shi ya sa zancen mota a wurinmu zancen abinci ne.

Shi kamfanin Peugeot ba da mota ya fara ba. Iyali ne a gabashin Faransa masu ƙera zarto da injin niƙa kofi, daga baya kekuna, kuma hoton zakin nan da ke gaban motar tun asali tambarin zartonsu ne. A 1960 suka fito da 404 daga masana'antarsu ta Sochaux. Injinta silinda huɗu ne, lita 1.6, ƙafafun baya ke tura ta, giyarta kuma a jikin sitiyari take. Ba a daɗe ba aka yi mai shan gas, aka yi doguwa mai layin kujeru uku, sannan aka yi mai buɗaɗɗen baya, wadda mu nan muke cewa bashe, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma suke cewa a-kori-kura.

A lokacin akwai wani tsere a gabashin Afirka da ake kira Safari, wanda aka fara a 1953, yana ratsa Kenya da Uganda da Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau. Ba a fili mai kwalta ake yinsa ba. Kimanin kilomita 5,000 ne a kan hanyoyin da jama'a ke bi, a lokacin Ista, daidai saukar damina a can, ga taɓo, ga rafuka da suka cika, ga duwatsu, dare da rana. A 1963 motoci 84 suka tashi, bakwai kaɗai suka kai ƙarshe, kuma wadda ta zo ta ɗaya 404 ce, Nick Nowicki na tuƙi, Paddy Cliff na karanta masa hanya. A 1966 da 1967 Bert Shankland da Chris Rothwell suka sake ci da 404. A 1968 Nowicki da Cliff suka maimaita, a shekarar da aka sake samun motoci bakwai kacal da suka gama. Sau huɗu ke nan cikin shekara shida.

Abu biyu ya kamata ɗan kasuwa ya lura da su a nan. Na farko, 404 ba ita ta fi kowace mota gudu a tseren ba. Akwai masu ƙarfin inji da kan wuce ta a ranar farko, sai a tarar da su a gaba sun karye ko sun nutse a taɓo, ita kuwa ta wuce da ƙafafunta huɗu. Sannu ba ta hana zuwa. Na biyu, direbobin da suka ci da ita mazauna yankin ne, Nowicki a Kenya, Shankland a Tanzaniya. Sun san inda rafi ke yanke hanya da inda ƙasa ke santsi. Manyan direbobin Turai sun yi shekaru suna zuwa suna komawa hannu rabbana, sai a 1972 baƙo daga wajen yankin ya fara cin Safari. Mota mai juriya da direban da ya san hanya, su ne sirrin, kuma duk wanda ya taɓa ba da amanar kayansa a tashar Sokode ya san haka tun kafin a gaya masa.

A 1968 aka fito da 504, wadda aka zaɓa motar shekara ta Turai a 1969. Ta fi yayarta girma da taushin tafiya, ta kuma gaji juriyarta. Shekarar 1975 ita ce shekararta: Ove Andersson ya ci Safari da ita, Hannu Mikkola ya ci tseren Maroko, Bernard Consten kuma ya ci tseren Bandama a Kodibuwa. Shi wannan Bandama a yankinmu na yammacin Afirka ake yinsa, a kan jan burji irin namu, kuma tsananinsa ya kai a 1972 babu mota ko ɗaya da ta gama shi. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya haɗa Safari da Bandama a shekara ɗaya, da wata 504 mai ƙofa biyu da injin silinda shida. Kamfanin ya yi ta tallar waɗannan nasarori, amma mutanenmu ba su jira talla ba. Gani ya kori ji.

Ta hanya uku Fijo ta cika tashoshinmu. Akwai waɗanda aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Lome, wadda aka buɗe a 1968, da ta Kwatano. Akwai na Najeriya, domin a 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, 504 ta zama motar gwamnati da ta haya da ta ɗan kasuwa a can, kayan gyaranta kuma suka cika kasuwannin Kano da Kaduna da Legas. Sannan akwai waɗanda samarin Turawa ke tuƙowa ta hamada, su bi ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sayar a Nijar ko Binin ko nan Togo, su koma gida da jirgin sama. Motar da ta ƙetare Sahara da ƙafarta ba ta buƙatar dillali ya rantse a kanta. A shekarar 1975 ɗin dai aka kafa ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, wadda muke cewa Sedeyawo, da ƙoƙarin shugabannin Togo da Najeriya na lokacin, a 1979 kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a ba tare da biza ba. Motar da takardar kusan tare suka zo mana.

Me ya sa ta dace da hanyarmu? Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ba ta dukan dutse da sauƙi. Ƙafafunta suna da nisan lilo, don haka tana shanye gargada. Doguwar, wadda muke cewa familiyal, sifirin biyu-biyu gare ta a kowace ƙafar baya, shi ya sa take ɗaukar fasinja layi uku da kaya a sama. Uwa uba, injinta a buɗe yake ga mai ido. Kafireta ce da fulogi da fambel, babu abin da makanike mai sifana da sukudireba ba zai kwance ya mayar ba. Na tuna wata tafiya da muka taso daga Dapaong da buhunan wake, lagireto ya fashe mana da dare kafin Bafilo. Wani makanike na bakin hanya ya zo da fitilar hannu, ya liƙe shi, muka lallaɓa muka sauka dutsen Alejo, muka yi asuba a Sokode. Wanda ya san tsagin dutsen nan da hawan Defale kafin a yi hanyoyin kewaye ya san abin da ake nufi idan aka ce mota ta haye lafiya.

Amfaninta mafi girma shi ne kowa ita yake hawa. Daga Lome zuwa Sinkase, daga Sokode zuwa Basar ka shiga Gana, ko ta Camba da Ketawo ka shiga Binin, har Faraku da Gaya da Yamai, kowane gari akwai wanda ya iya ta, kowace kasuwa akwai mai kayanta, sabo ko na hannu. A tseren Safari kamfani kan ajiye makanikai da kayan gyara a wurare daban-daban a kan hanya, domin direba shi kaɗai ba ya cin tsere. Mu ba kamfanin da ya ajiye mana kowa, amma yawan motar ya yi mana wannan aikin, kamar yadda a zamanin fatake kowane zango yake da maigidan da zai sauke baƙo.

Gaskiya ɗaya ce, ba za a ɓoye ta ba: mun zalunci motar nan, mun kuma zalunci kanmu. Wadda aka yi don mutum bakwai ko takwas mun cusa mata fiye da goma, mun ɗora mata kayan da ya fi tsayinta, mun bi dare da tayoyin da suka suɗe. Akwai gidaje a cikinmu da suka rasa uba ko uwa a kan wannan hanya. Allah Ya jiƙansu da rahama. Juriyar mota ba ta taɓa zama lasisin ganganci ba.

Sunan Peugeot ya ci gaba da tashe a tsere bayan haka. Ƙaramar 205 ta ci gasar duniya a 1985 da 1986, ta kuma ci tseren Paris zuwa Dakar a 1987 da 1988, wanda a lokacin yake ratsa hamadar Nijar. Sai dai wannan 205 ta tsere suna da kama kawai ta haɗa da ta kasuwa: injinta a bayan direba yake, ƙafafu huɗu ke ja, ba kuma motar da wani zai ɗora wa buhu ba ce. Ita 404 da ta ci Safari kuwa kusan irin wadda ke tsaye a tasha ce, an dai ƙarfafa ta. Daga nan tsere da kasuwa suka raba hanya.

Ita ma 504 zamani ya juya mata baya a hankali. Faransa ta daina ƙera ƙaramar a 1983, duk da Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har bayan shekarar 2000. Faɗuwar naira daga 1986 ta sa sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka a Najeriya. A nan kuma a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk wani kayan gyara da ke zuwa daga Turai ya ninka kuɗi a dare ɗaya. Motocin hannu na Japan suka shigo ta Lome da Kwatano, masu shan mai kaɗan, bas-bas suka karɓe fasinja, Fijo ta koma hanyoyin ƙauye inda har yau ake ganin bashe tana ɗaukar doya da gawayi.

Ba kira nake a koma ga 504 ba, abin da ya wuce ya wuce. Damuwata ita ce yadda muke sayen mota yanzu. Kowa na zuwa Lome ya ɗauko wadda ta burge shi ko ta yi masa araha, wannan iri, wancan iri, yawancinsu kwamfuta ke sarrafa injin. Idan ta tsaya a Mango ko Kante, sai a jira mai na'ura daga Kara, ko a aika Lome neman wani ɗan ƙarfe, tumatir ko albasa na ruɓewa a baya, mai kaya na biyan kwana. Ribar tafiya uku takan tafi a tsayuwa ɗaya.

Don haka ina roƙon shugabanninmu su sa wannan magana cikin taron bana. Mu zauna da direbobinmu da makanikan da muka yarda da su, a tsayar da iri biyu ko uku da za a riƙa ba mambobi shawarar saye. A rubuta sunayen masu gyara da masu kayan gyara a kowane zango daga Sinkase zuwa Lome da ƙetaren iyakoki, a raba wa kowa. Idan asusu ya ba da hali, a tura samari biyu ko uku su koyi gyaran motocin zamani, a saya musu na'urar, ɗaya ya zauna a Sokode, ɗaya a Dapaong. Kafin ɗan'uwa ya biya kuɗin mota, ya fara tambaya: idan ta tsaya mini da dare tsakanin Kante da Mango, wa zai taɓa ta?

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare mu a kan hanya, Ya sa albarka a kasuwa, Ya kuma nuna mana bikin baɗi lafiya. Amin.