Diyya da ladan lauya: tarihin wata tambaya daga Kurfai zuwa Kano

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala muna son mu duba tambaya guda: in allurar rigakafi ko magani ya cuci mutum, ya nemi diyya, wa ke biyan kuɗin shari'a? Ga talakan Filinge, wanda kusan kilomita 180 ke tsakaninsa da Yamai inda lauyoyi suka taru, amsar ita ce ke nuna ko zai iya kai ƙara ko kuwa ya bar wa Allah.

2. Kalmomi

Hausa ta ari "diyya" da "ushira" daga Larabci. A da, alƙalin ƙasar Hausa kan ɗauki ushira, wato ɗaya bisa goma, cikin abin da ya karɓo wa mai ƙara. Ke nan sai an samu ake biya. Shari'ar da muka gada daga Faransa ta raba abin biyu: akwai "dépens", kuɗin kotu, da ake ɗora wa wanda aka kayar, akwai "honoraires", ladan lauya, wanda galibi yana wuyan wanda ya ɗauki lauyan. Bahaushe ya haɗa su duka cikin "kuɗin shari'a", amma na biyun ne ke karya talaka.

3. Shekaru biyu na sanƙarau

A 1995, sanƙarau ya kama dubban mutane a Nijar. Cikin gudummawar da ta zo daga Nijeriya aka gano allurai na jabu ɗauke da sunan Pasteur Mérieux da SmithKline Beecham, bayan an riga an yi wa kimanin mutum 60.000. Cutarwar a nan ita ce mutane sun ɗauka sun samu kariya, alhali ba su samu ba.

A 1996 annobar ta auka wa Kano, inda kamfanin Pfizer ya yi gwajin Trovan, wanda magani ne ba rigakafi ba. Cikin yara 200 da gwajin ya shafa, 11 suka rasu. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dalar Amurka miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 don iyalai, 30 don ayyukan lafiya, 10 don kuɗin shari'ar gwamnati. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175.000 kowanensu, bayan gwajin DNA na tabbatar da dangantaka. Shekara 15 ke nan.

4. Wata hanya

Amurka ta yi doka a 1986 wadda ta kafa tsarin biyan diyya, daga baya aka kafa masa asusu da harajin da ake ɗora wa allurai. Asusun na biyan diyya, kuma yana biyan lauya daban, ko da an kayar da mai ƙara, muddin ya zo da zuciya ɗaya da hujja mai ma'ana. A 2013, cikin shari'ar Cloer, kotun ƙoli ta ce ko ƙarar da ta makara na iya samun wannan biya. Dalili a fili yake: in ladan lauya ya rataya ga nasara, ba zai karɓi ƙara mai wuya ba.

5. Kammalawa

Nijar ta kafa hukumar taimakon shari'a, ANAJJ, da dokar 2011, don marasa hali. Mataki ne, amma ƙara irin wannan na buƙatar gwanayen likitoci da shekaru na jira. A ganinmu, dokar da ta ba da diyya ba ta faɗi wanda zai biya lauya ba, ta nuna wa manomin Kurfai rijiya ne ba ta ba shi guga ba. Ita kuwa rigakafi da yarda take tafiya: uwar da ta san akwai mai tsaya mata in an samu kuskure, ita ce ke saurin miƙa hannun ɗanta.