Likitan Babbar Ruga da Matan da Suka Tsallako ta Jibiya



Hanyar da ta taso daga Maraɗi, ta biyo Ɗan Isa, ta faɗo Magamar Jibiya zuwa Katsina, an fi saninta da fatauci. To amma shekaru da dama akwai wasu matafiya da ke bin ta ba da haja ba: matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, suna neman Babbar Ruga.

Asalin Babbar Ruga asibitin kutare ne a bayan garin Katsina. A 1983 wani likita mutumin Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta, sai ya tarar da wata cutar da masu ita ke ɓoyewa. A 1984 ya fara yi musu tiyata. Yadda abin ke faruwa shi ne, kan jariri ya maƙale kwana biyu ko uku yana danne mafitsara a jikin ƙashi, naman wurin ya mutu, ya ɓule. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai, sau da yawa auren ma ba ya ɗorewa.

A ganina, abin da ya ɗaga darajar aikinsa shi ne rubutu. Duk matar da ya duba sai ya rubuta girman ɓular, da inda take, da yadda aka ƙare. Da bayanan mata 775 ya sami digirin dokta a Jami'ar Utrecht a 1989. Al'adar likitoci a da ita ce a jira wata uku kafin a taɓa mai yoyo. Shi kuwa ya saɓa musu. A binciken da ya wallafa a 2004 kan mata 1,716 da suka zo da wuri, ya nuna cewa robar fitsari kaɗai, in an sa ta nan da nan, ta warkar da kimanin kashi 15 cikin 100 ba tare da wuƙa ba. Ke nan kowane mako na jinkiri hasara ne, kuma rufe iyakar Jibiya a 2019 da 2023 ba 'yan kasuwa kaɗai ya shafa ba.

Bari in ɗan ratse a nan. Da yawa daga waɗannan bayin Allah sukan bar salla, suna zaton najasa ta hana su. Alhali a mazhabar Malikiyya, yoyon da ya lazimci mutum mafi yawan lokaci ba ya warware alwala. Wannan gyara aikinmu ne mu malaman Islamiyya, ba na likita ba.

Dokta Kees ya horar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa, ya yi aiki a cibiyar Laure ta Asibitin Murtala a Kano, ya kuma riƙa tsallakawa Damagaram yana tiyata. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓi Babbar Ruga, ta mayar da ita cibiyar ƙasa ta kula da masu yoyon fitsari.