Daga "ɗan wane ne?" zuwa takardar asali: tarihin sharuɗɗan tallafin karatu

Duk lokacin da aka buɗe neman tallafin karatu, yaranmu na Potiskum kan fara da neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, tun kafin a dubi sakamakon jarrabawarsu. Wannan tambaya ta "daga ina kake, ɗan wane ne?" ta daɗe tana bin karatun boko a Arewa.

A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano. A cikinta akwai sashe na musamman domin 'ya'yan sarakuna, saboda Turawa na son waɗanda za su gaji mulkin En'e su iya karatu da lissafi. Abin dariyar shi ne, a wancan lokaci ba a ɗauki boko a matsayin gata ba. Wasu manya sun riƙa ɓoye 'ya'yansu suna tura 'ya'yan barorinsu, kuma daga baya wasu cikin yaran nan ne suka zama manyan ma'aikata.

Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ita ma da nata sharaɗin: yaro namiji, Musulmi, daga lardunan Arewa, kuma a horar da shi ya koma ya koyar. Ta wannan ƙunƙuntar ƙofa Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka shiga, haka ma Kashim Ibrahim daga lardinmu na Borno. 'Ya mace kuwa babu ma zancenta. Ba mu kaɗai ba ne: tallafin Rhodes na zuwa Oxford a Ingila maza kawai ake ba wa har 1977.

Bayan 'yancin kai sai jihar mutum ta maye gurbin gidan sarauta. Kundin tsarin mulki na 1979 ya kawo raba daidai tsakanin jihohi, aka kuma ɗaure asalin mutum da inda iyaye ko kakanninsa suka fito, ba inda aka haife shi ba. Manufar tana da kyau, don ta kare jihohin da aka bari a baya a boko, kuma mun amfana. Da aka cire Yobe daga Borno a 1991, layin ya sake matsewa.

Amma Potiskum gari ne na kasuwa. Ban da Ngizim da Bolewa da Karai-Karai, kasuwar shanu da harkar manyan motoci sun jawo mutane daga Kano da Katsina da sauran wurare, sun yi aure, sun hayayyafa. Jikan irin wannan mutum a nan aka yanke masa cibiya, a nan ya yi firamare da sakandare. Idan ya zo neman takarda, yana iya jin an ce ya tafi garin kakansa. Can kuma mai unguwa zai tambaye shi gidansu, shi ko hanyar unguwar bai sani ba.