Ba Kowane Ciwon Gaɓoɓi Ba Ne "Sanyi"



Gwaggona tana wani ƙauye a yankin Dambatta. Shekara huɗu yatsunta na kumbura, da safe ko taɓarya ba ta iya riƙewa sai hantsi ya dubi ludayi. Aka ce sanyi ne. An yi ƙaho, an sha saiwoyi, an sha ƙwayoyin kemis. Kafin likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, irin wanda garkuwar jiki ke afka wa gaɓoɓin mai ita, yatsun sun riga sun karkace.

Wannan ciwo yana da tarihi. A 1800 wani matashin likita a birnin Paris, Landré-Beauvais, ya fara bayyana shi a jikin matalautan mata. A 1859 Alfred Garrod na Ingila ya raɗa masa sunan da likitoci ke kiransa da shi har yau. A 1940 Erik Waaler na ƙasar Norway ya wallafa gano wani sinadari a jinin masu ciwon, daga nan gwajin jini ya samo asali.

Mu fa? An daɗe ana cewa ciwon bai cika kama baƙar fata ba. Wani bincike da aka wallafa a 1993 bai samu ko mutum ɗaya ba a karkarar kudu maso yammacin Najeriya. Amma a 2010 Farfesa Adelowo da abokan aikinsa suka kawo bayanin majinyata 200 daga asibiti guda a Legas. To a ƙauyukanmu, wa ya taɓa dubawa?

Ga abin da likita ke nema: kumburi a ƙananan gaɓoɓin hannu ko ƙafa, galibi dama da hagu tare, sandarewar safe da kan kai awa guda, ciwon ya wuce mako 6, sai gwajin jini da hoton ƙashi. Jinin kan fito lafiya alhali ciwon na nan. Kuma ya fi kama mata.

Magani na iya taka masa birki idan an fara da wuri, amma gaɓar da ta lalace ba ta dawowa. Don Allah in kun je gida, ku duba hannun Inna. In kun ga alamun nan, ku kai ta asibiti, ku nemi a tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.